Guntu da Iskar Kurrabil

Tun da aka rufe kakar wasan bana mutane ke tare ni a hanya suna tambayar abin da na gani game da yaron gidan Nuske, sai ka ce ni na haife shi. Ban haife shi ba. Na dai sayar wa kakansa shayi ta tagar kantin filin ƙwallo, na sayar wa ubansa, shi kuma tun yana taka akwatin lemo kafin ya hango cikin tagar nake miƙa masa miyar kabewa. In wannan ya isa a ce ka san mutum, to na san shi.

Sunansa Tobias, amma ban da uwarsa da fasto babu mai kiransa haka. Guntu muke ce masa, saboda sai ya sunkuya yake shiga ɗakin canza kaya. Kada wannan ya dame ku. Mahaucinmu mai sanƙo ma Mai-suma muka kira shi har ya mutu, kuma haka aka faɗa a wajen jana'izarsa.

Ubansa Darryl manomin alkama ne, yana kuma da tumaki. Mutum ne da in ya ce maka ina kwana to ya gama maganar ranar, sauran sai gobe. Uwarsa Kerryn ita ke magana a madadin su biyun, har ta ara wa maƙwabta. Guntu ya ɗauko tsawon dangin uwa da bakin uba, wanda a ganina rabo ne mai kyau, domin da akasin haka aka yi da garin bai zaunu ba.

Shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan, kuma gonar tun kakan kakansa take hannunsu. Sai ga ikon Allah: yaron da aka haifa a tsakiyar alkama, alkama ta ƙi shi. Da an fara girbi ƙaiƙayi ya tashi, idanunsa su kumbura kamar na kwaɗo, hanci ya buɗe famfo, ya yi ta atishawa har karnukan gidan su gaji su bar masa wurin. An kai shi wajen likita a Horsham, an ba shi ƙwayoyi da abin shaƙa. Sun yi aiki, domin yanzu yana iya ganin injin girbin kafin ya yi karo da shi. Duk shekara haka yake zama a kan tarakta yana hawaye, masu wucewa su ɗauka wata ce ta yaudare shi.

Bai taɓa cewa ba ya son gonar ba. A gidan Nuske ba a faɗin irin wannan. Amma kowa ya san hanya ɗaya ce yaro zai bar gonar ubansa a Kurrabil ba tare da an ce ya gudu ba: ƙungiyar birni ta ɗauke shi ƙwallo. Wannan kam ba gudu ba ne, har hotonka za a rataya a mashaya. Kuma bana ne shekarar da ake ɗaukar sa'o'insa. Wanda aka tsallake a bana, baɗi an sami sababbin yara masu sababbin gwiwoyi.

Yanzu sai maganar iska.

Iskar Kurrabil ba ta hutu. Tana tasowa daga yamma, ba dutse ba tudu da zai ce mata sannu, ta zo ta bugi rumbunan alkama na bakin tasha, ta fusata, ta sauko filinmu a karkace. Ƙwallon namu kuma dama ba zagayayye ba ne, kamar ƙwai yake, ko ba iska ba ya jin magana. Saboda haka tun zamanin kakanni babu ɗan Kurrabil da ke nufin tsakiyar sanduna in zai buga. Mahaukaci ne ke yin haka, ko baƙo. In kana fuskantar gefen rumbuna, ƙofar ban-ɗakin mata kake nufa, koriyar nan da ke can hagu da sandunan. Ka buga mata kai tsaye kamar ta yi maka laifi. Iska ta karɓa a hanya, ta lanƙwaso shi, ta ajiye maka tsakanin dogayen sanduna biyun, maki shida. In ya bi tsakanin doguwa da gajeriyar sandar gefe, maki ɗaya ne kacal. In ka juya ɗaya gefen, allon maki kake nufa. Uba na koya wa ɗa wannan kafin ya koya masa ɗaure takalmi.

Mu mata mun san namu fannin. In kina cikin ban-ɗakin kika ji fili ya yi tsit, to ki zauna inda kike sai kin ji hon ɗin motoci, alamar an ci. Wata baƙuwa daga Dingarra ta taɓa fitowa a daidai ranar da iskar ta ɗan tsaya jan numfashi. Ba ta ji ciwo sosai ba, amma hularta har yau tana kan rufin.

Darryl ya koya wa Guntu a bayan gidansu, da turakun shanya. Yaron ya taso bai san wani bugu ba sai wannan. Ko mun je wasa wani gari, duk fili ɗaya ne shimfiɗaɗɗe, duk iska ce. Sai ya tsuguna ya tsinko ciyawa ya watsa sama, ya ga inda ta nufa, ya nemi abin da zai kafa wa ido a gefe, bishiya ko motar wani, ya buga. Ba ya kuskure. Na ga masu wannan abin da yawa a rayuwata, amma shi kamar da iskar suke shawara.

Ga abin da ya yi a farkon kakar bana, tunda shi kuke son ji. Hannunsa ba ya sakin abu. A wasan namu da hannu ake cafke ƙwallo, kuma wanda ya cafke a sama ana barinsa ya buga ba mai tare shi. In ƙwallo ya taso sama, ya taka bayan duk wanda ke gabansa, namu ne ko nasu, ya hau kamar mai hawan tsani, ya cafke, ya sauko, ya ce wa wanda ya taka yi haƙuri. Wannan yi haƙurin na cikin aibobinsa. Gudunsa kuma irin na ɗan maraƙin da aka haifa da safe ne, kowace ƙafa da inda ta nufa, amma dai yana isa. Ƙafarsa ta hagu ta tsayuwa ce kawai. Ba ya faɗa. Wani ɗan wasan baya na Dingarra ya yi ta tsunkulinsa yana zagin uwarsa rabin wasa, da aka tashi Guntu ya je ya tambaye shi ko yana da matsala a gida. Amma ci kam ya ci. Motocin da ke zagaye da fili sun yi ta danna hon har batirin motar fasto ya mutu sau biyu. Kocinmu Gavin Pascoe, wanda taki yake sayarwa sauran ranakun mako, ya fara tafiya yana buɗe hannuwa kamar shi ya ƙera yaron. Rabon Kurrabil da kofin gasa tun Darryl yana da gashi.

Ana cikin haka wata Asabar wani mutum ya tsaya a tagata da takalmi mai tsabta. Daga takalmin na gane ba namu ba ne.

"Wane irin kofi kuke da shi?" ya ce.

"Shayi," na ce.

"To a ba ni shayi."

"Ka iya zaɓe."

Ya ce sunansa Simon Vella, yana zagayawa ne yana duba wa wata ƙungiyar Melbourne yara. Ya tambaye ni dogon nan mai lamba a baya kamar an liƙa wa falwaya takarda, wane irin yaro ne.

"Ba laifi," na ce.

"Yana shaye-shaye?"

"Ya gwada sau ɗaya, ya amayar a takalmin koci. Tun daga nan koci ya hana shi."

"Yana da budurwa?"

"Yana gaida wata a coci. In aka ba shi shekara biyu zai tambayi sunanta."

Ya yi dariya, ni ban yi ba, don ba wasa nake ba. Ya kalli wasan har ƙarshe, ya ga Guntu ya lanƙwaso ƙwallo daga inda ko tsuntsu ba zai yarda ya biyo ba. Bayan an tashi ya sami Darryl a jikin a-kori-kurarsa, ya ce yana son a kawo yaron gwaji birni. Darryl ya ce, "To." Kerryn ta faɗi sauran.

Suka tafi ranar wata Laraba. Asabar ta zagayo, Guntu ya zo tagata tun kafin a fara, ya tsaya yana kallon tukunyar miya kamar a ciki aka binne wani nasa.

"Yaya birni?" na ce.

"Lafiya, Misis Kranz."

"Sun ɗauke ka?"

"Filinsu rufi gare shi."

"Ban tambaye ka gini ba."

"Rufi gare shi har sama," ya ce. "Na tsinko ciyawa na watsa. Ta faɗo a kan takalmina."

Ya jira in gane girman abin. Na gane. Yaron bai taɓa ganin ciyawa ta dawo inda ta fito ba. Ya ce ya sake watsawa, ta sake faɗowa. Sauran yaran suka fara dariya, wani ya tambaye shi ko kiwo ya zo. Ya ce shi ya san babu iska, idonsa ya gani, kansa ya yarda, amma da ya ɗaga ƙafa sai ƙafar ta ce ƙarya ne, iskar tana nan tafe. Ya buga hagu, ƙwallo ya tafi hagu, bai dawo ba. Ya ce to bari ya gyara, ya buga dama. Ya tafi dama. Ya ce har ya tsaya yana jira, ko zai lanƙwaso daga baya.

"Ko ɗaya ba ka ci ba?"

"Na sami wani mai ɗaukar hoto da ƙwallon."

"To ba a tashi a banza ba."

Vella dai bai rufe ƙofa ba. Ya ce tsalle ya yi, hannu ya yi, sauran ma za a iya gyarawa, amma ba zai kai wa manyansa ɗan gaban da bai san inda tsakiya take ba. Ya ce a dawo da shi mako ɗaya bayan wasan ƙarshe na yankinmu, kafin nan ya koyi bugu miƙe.

Faɗi da sauƙi. Ina za ka koyi bugu miƙe a garin da ko hayaƙin murhu ba ya tashi miƙe? Guntu ya gwada zauren coci, ya fasa fitila, fasto ya ce Ubangiji na yafiya amma kwamitin gini ba ya yi. Ya gwada sito na tasha, ƙaiƙayin bara ya koro shi yana atishawa. Sai wata safiya masu wucewa ta hanyar gonar Nuske suka ga abin da ba su taɓa gani ba: injin girbin Darryl a waje, ruwa na dukansa.

Sai kun san Darryl da injin nan. Kerryn ta taɓa cewa da gobara za ta tashi, ita za ta fitar da kanta, don ta san wanda za a fara ɗauka. Yana goge shi ranar Lahadi bayan coci. To shi ya tuƙo da kansa ya ajiye a fili, ya share ƙaton ɗakin da yake kwana, ya wanke daɓen da ruwa saboda ƙaiƙayi, ya ja layi huɗu da farin fenti a jikin bango a madadin sanduna. Bai ce wa yaron komai ba. Da Guntu ya tambaye shi, ya ce injin ne ke buƙatar shan iska.

Nan Guntu ya tare. Kullum bayan ya ba tumaki abinci, ya rufe ƙofa ya yi ta dukan bango. Bangon na kwano ne, saboda haka har daga hanya ana ji, kamar ana ƙera tukunya. Da farko yana samun kusurwoyi. A hankali ya fara matsowa. Kafin wata ya cika, Kerryn ta zo tana gaya wa duk mai kunne cewa fentin tsakiya ya fara gogewa.

Sai kuma Asabar ta zo, ya cafke ƙwallo a gaban sanduna, wurin da ko ni zan ci da takalmin coci. Bai tsinki ciyawa ba. Ya nufi tsakiya, ya buga kyakkyawan bugu, miƙe kamar an ja da zare. Iska ta ce na gode, ta kai shi bayan gajeriyar sandar dama. Waɗanda suka riga suka ɗora hannu a kan hon suka janye a hankali.

Haka aka yi ta yi. Mun ci gaba da cin wasanni saboda sauran yaran ba su je birni ba, amma Guntu sai maki ɗaɗɗaya yake tarawa kamar mai tsintar gyaɗa. Mai tutar bayan sanduna, wanda ya saba ɗaga biyu, alamar maki shida, in Guntu ya buga, har kafaɗarsa ɗaya ta huta. Tsofaffin da ke jingine da waya suka fara ba da shawara.

"Ƙofa, Guntu! Ƙofa!"

"Tana nan inda ka bar ta, koriya ce!"

"Ko kunyar mata ka fara ji?"

Muka kai wasan ƙarshe duk da haka, mu da Dingarra, kuma bana juyi ya zo a filinmu za a buga. Ranar Alhamis bayan atisaye Gavin ya tare shi a gindin tagata, ina yanka albasa. Ba laɓe na yi ba, tagar ce ba ta da murfi.

"Guntu, ɗan'uwa, zo mu yi maganar manya," Gavin ya ce. "Asabar kaɗai nake roƙo. Yini ɗaya. Ka koma wa ƙofar, mu ɗauki kofi, Lahadi ka koma ɗakin babanka ka miƙe har ka gaji."

"In na koma ba zan fito ba, koci."

"Wa ya ce?"

"Ƙafar."

"Ƙafa ce ke da kai ko kai ke da ita?"

Guntu ya dubi ƙafar, kamar yana jiran ta amsa da kanta.

"Ka san shekara nawa garin nan ke jira?" Gavin ya ce. "Akwai tsofaffi a jikin wayar can da kofin nan kaɗai ya hana su mutuwa. Matansu ma sun gaji."

"Na sani."

"To?"

"Girbi saura wata uku, koci," Guntu ya ce.

 Gavin ya juyo wajena. "Beryl, ki yi masa magana mana."

Na yi. Na ce masa mai hankali riƙe biyun yake yi, in da iska ya ba ta haƙƙinta, in babu ya miƙe, haka manyan 'yan wasa ke yi. Ya ce ya gwada, ƙafarsa abu ɗaya take iya riƙewa a lokaci guda. Na tuna ubansa da kakansa, na ce gado ne, ba a jayayya da gado. Na ba shi burodi da albasa ya tafi.

Ranar Asabar tun da hantsi motoci suka zagaye fili, har da na mutanen da suka bar garin tuntuni. Iska kuwa ta yi kwalliyar biki. Na ga tantin masu gasa nama ya tashi ya nufi tasha, masu shi na binsa da cokula.

Ba zan ɓoye ba, yaron ya yi wasan da ban taɓa gani a filin nan ba. Duk abin da ya taso sama nasa ne. Dingarra suka sa masa mutum biyu, ya hau su biyun. Inda ya ga ɗan'uwansa a sake ya miƙa masa, kuma da yawa daga cin da muka yi daga hannunsa suka fito. Amma ɗan gaba ba kullum yake samun wanda zai miƙa wa ba. Duk sanda ya rage shi da sanduna, sai ya nufi tsakiya, iska ta ɗauke. Ranar ce ta farko a tarihin Kurrabil da mata suka yi ta shiga da fita ba fargaba.

Dab da tashi, suna gabanmu da abin da bai kai ci ɗaya ba, ya sake cafkewa a gefen rumbuna. Fili ya yi tsit. Na fito daga kanti da ludayi a hannu. Na ga ya juya kai ya kalli koriyar ƙofar. Ya daɗe yana kallonta. Gavin ya durƙusa a bakin layi, mutumin da ko a coci ba ya durƙusawa saboda gwiwa. Darryl na cikin a-kori-kurarsa, hannu biyu a kan sitiyari.

Guntu ya dawo da kansa, ya nufi tsakiya.

Bugu ne mai kyau, wannan ko maƙiyi zai faɗa. Maki ɗaya. Jiniyar tashi ta yi kuka, mutanen Dingarra suka danna nasu hon ɗin, namu suka tayar da motoci.

Babu wanda ya zage shi. Da zagi ne da sauƙi. Washegari ya zo tsintar shara a fili kamar yadda 'yan wasa ke yi bayan kowane wasa, sai wani dattijo ya wuce shi ya ce, "Sannu da aiki, Tobias." A gidan mai ma Tobias. A shagon burodi Tobias. Mako guda cur ana girmama shi. Na ga yaron yana tafiya a bakin titi ya rage tsawo. Ni dai da ya zo mayar mini da tukunya na ce masa, "Guntu, ka tsaya mini a haske kamar falwaya, matsa." Har ya ce na gode.

Suka koma birni shi da ubansa. Kwana biyu bayan haka ina kanti ina kankare tukwane zan rufe sai baɗi, na ji tsayuwar mota. Darryl ne shi kaɗai. Ya tsaya a taga ya cire hula, ya mayar.

"Shayi ya ƙare," na ce.

"Na sha."

"To me ya kawo ka? Yaron fa?"

"Yana can. Suna auna shi."

"Auna shi kuma? Akwatin gawa za su yi masa?"

"Riga."

Na ajiye soso. Na ce ya ba ni labari, kuma kada ya sa in yi ta jawo shi kamar guga. Ya ce yaron ya buga, duk sun shiga, ta tsakiya. Vella ya kira manyansa suka kalla. Sun ba shi shekara ɗaya a ƙaramar ƙungiyarsu, in ya yi kyau a ƙara. Zai zauna a gidan wata mata da ke ajiye musu yaran ƙauye. Za su fara atisaye daidai lokacin girbi.

"Girbin fa?"

"Zan nemo wani."

"Wanda ba ya kuka."

"I."

Ya tsaya yana murza bakin tagar da yatsa. Darryl bai taɓa daɗewa haka a wuri ba tare da injin a kusa ba, saboda haka na san da saura.

"Kina ganin zai yi?" ya ce.

Na ce masa gaskiya. Na ce sai ya ƙara nama, domin na birni ba a hawa bayansu kyauta. Sai an koya wa ƙafar hagun nan abin yi. Sai ya daina ba mutane haƙuri. Watakila shekara ɗayan ce kawai, ya dawo da riga da labari, kamar yawancinsu. Amma yaron da ya iya kallon garinsu gaba ɗaya, da koci a durƙushe, ya yi abin da ya sa a gaba, ban ga abin da birni zai nuna masa ya firgita ba.

Darryl ya gyaɗa kai. Ya sake murza tagar.

"Baya za su sa shi," ya ce.

"Wane baya?"

"Ɗan baya. Mai tsaro. Sun ce hannun suke so. 'Yan gaba sun yi musu yawa."

Na dube shi. "Ɗan baya ai ba ya bugun sanduna."

"Ba sosai ba."

"Wato da ya nufi ƙofar ranar Asabar ma..."

"Vella ya ce tun zuwan farko suke tunanin haka. Bai dai tabbatar ba."

 A waje wata tsohuwar jarida ta wuce da gudu ta nufi gabas.

"Shi yaron ya sani?"

"Ya sani. Ya ce ba komai, ya iya yanzu." Ya gyara hula. "Beryl, kada ki faɗa wa Gavin. Mutumin bai warke ba."

"Haba Darryl. Ka taɓa jin magana ta fita daga tagar nan?"

Ya dube ni, ya dubi tagar, ya shiga motarsa.

Ban faɗa wa Gavin ba. Matarsa na faɗa wa.